Gyaran tsohon gini da manhajar BIM: daga awon farko zuwa miƙa makulli

Yawancin aikin da ke zuwa hannun matashin mai zanen gini a Sakkwato ba fili ne fetal ba. Gida ne da ke tsaye tun kafin a haife shi: zaure na ƙasa a gaba, ɗakunan bulo da aka ƙara daga baya, banɗaki da aka liƙa a kusurwa, yanzu kuma magada suna son a fitar da shaguna ta bakin titi ko a ɗora bene. Daga Kanwuri da Ƙofar Rini har Mabera da Runjin Sambo irin wannan aiki ne ya fi yawa, haka ma tsofaffin azuzuwa da ofisoshi. Da wuya ka samu zanen asali a ajiye. In ma an samu, an yi ta ƙari da ragi har ginin ya daina kama da takardar.

Manhajar BIM, wato wadda ke tayar da samfurin gini a kwamfuta tare da bayanin kowane sashe nasa, ta bambanta da zanen layi na AutoCAD da aka saba. A can bango layi biyu ne kawai, kai ne ka san bango kake nufi. A BIM kowane bango yana ɗauke da bayaninsa: kauri, tsayi, abin da aka gina shi da shi, lokacin da ya zo, da ko za a rushe shi. Ka matsar da shi sau ɗaya, zanen ƙasa da zanen yanka da jadawalin kaya duk su gyaru tare. Sai dai don sabon gini aka fi ƙera waɗannan manhajoji, inda bango miƙaƙƙe ne, kusurwa daidai take, daɓe a shimfiɗe. Tsohon gida ba haka yake ba. Haɗarin shi ne manhajar ta miƙe maka abin da yake a karkace, ta fito da hoto mai kyau, kowa ya gaskata. Don haka duk matakan da ke ƙasa abu ɗaya suke karewa: samfurin da za ka gina a kwamfuta ya faɗi abin da ke tsaye a ƙasa, ya kuma bambance inda ka gani da ido da inda zato kake yi.

Fara da zama da masu gida

Ka tambayi mai gida abin da yake so a yi da kuɗin da ya tanada, domin wannan ne zai nuna maka zurfin da samfurin zai yi. Wanda zai sauya kwano da silin ba ya bukatar ka zana kowane soket. Wanda zai ɗora bene kuwa dole ka san abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ka nemi takardun fili, da duk wani tsohon zane, har hotunan biki ko suna da aka ɗauka a tsakar gida, don a irinsu ake ganin tagar da aka toshe ko ɗakin da aka raba. In gidan gado ne, ka tabbatar duk magada sun san da aikin, ka kuma tambayi wace katanga ce ta haɗaka da maƙwabci.

Daga nan ka nemi dattijon da ya san ginin. Da wuya a rasa tsohon magini ko birkila a unguwa da ya yi aiki a gidan, ko ya ga an yi. Ka je ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, “Baba, wanga ɗaki na gabas, da ƙasa anka gina shi ko da bulo?” Kana iya jin ya ce, “Injiniya, ƙasa ce ciki, siminti anka yaɓa mata daga baya. Kuma can ƙurya akwai tsohuwar rijiya da munka cike.” Babu na'urar awon da za ta ba ka labarin rijiyar nan, alhali wataƙila a kanta kake shirin kafa fila. Rijiya da shadda da aka binne su ne abin da nake fara tambaya a kowane gida na cikin gari.

Kada ka shiga cikin gida da waya a ɗage sai an yi maka iso. Ku tsayar da rana da Alhaji, a sanar da Hajiya da sauran matan gida, a ba ka yaro ya raka ka. Hoton awo yana kwasar komai, mutane da gado da kayan ɗaki, kuma wasu manhajojin waya suna tura hotunan ta intanet ne kafin su sarrafa su. Ka faɗa wa masu gida haka tun farko, ka goge abin da bai shafi gini ba. In da hali, abokiyar aiki mace ta auna ɗakunan mata.

Manhaja da kayan aiki

Revit na kamfanin Autodesk da Archicad na kamfanin Graphisoft su ne aka fi sani a ofisoshin zane. Revit a Windows kawai yake aiki, Archicad kuwa har da Mac. Dukansu na kuɗi ne, amma suna ba ɗalibai lasisin karatu kyauta, wanda bai halatta a yi aikin kwangila da shi ba. Wanda bai da halin biya yana da FreeCAD, wanda fitowarsa ta 1.0 a 2024 ta zo da sashen BIM a jikinta, ko Bonsai da ke hawa kan manhajar Blender. Sun fi wuyar sabo, amma kyauta ne kuma babu haƙƙin kowa a kanka. Ku daidaita da injiniya da mai lissafin kaya a kan fitowar shekara ɗaya, domin fayil ɗin da aka ajiye a Revit 2024 ba ya buɗuwa a 2022. Kwamfutar ta kasance da RAM aƙalla gig 16 da batir mai rai.

Na fili kuwa: tef na ƙarfe mita 5, dogon tef mita 30, na'urar awo ta leza irin Leica Disto ko ta Bosch, siririn tiyo mai nuna ruwa, igiya mai nauyi a baki, alli, tsani, tocila, da littafi mai bango mai ƙarfi.

Awo, inda aikin yake

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40. Waya na ɗaukar zafi ta mutu, ɗigon leza kuma ba ya ganuwa a rana tsaka. Ka fara bayan asuba, ka gama da waje kafin hantsi ya ɗaga, sannan ka koma cikin ɗakuna. In aikin ba na gaggawa ba ne, ka leƙa gidan ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, ka ga inda indararo ke zuba, inda ruwa ke kwanciya, da silin da ke yoyo. Abin da za ka gani a wannan rana ya fi mako na zagaye da rani.

Abu na farko shi ne layin lebur. Ka zaɓi wuri ɗaya da ba za a taɓa ba, misali dokin ƙofar zaure, ka auna mita 1 sama, ka yi alama. Da tiyon ruwa ka zagaya da wannan alama kowane ɗaki da tsakar gida, har waje bakin titi. Duk wani tsayi daga wannan layi za ka auna shi: ƙasa zuwa daɓe, sama zuwa silin, zuwa ƙasan taga, zuwa linta. Da haka za ka gano cewa daɓen ɗakin baya ya fi na gaba zurfi da santimita 18, ko kuma titi da kwalbati sun haye gidan bayan an yi ta cike hanya shekara da shekaru. Wannan na biyun shi ne dalilin da ruwa ke shiga zaurukan tsofaffin unguwanni, kuma in ba ka auna ba, samfurinka zai nuna gida a sama da titi.

Sai tsawo da faɗi. Ka zana ɗakin da hannu tukuna, sannan ka ɗora tef a kusurwa ɗaya ka karanta duk abin da ke jikin bangon a jere ba tare da ɗaga tef ba: bakin ƙofa 0.45, ƙarshenta 1.35, bakin taga 2.10, har kusurwa ta gaba. In kana ɗagawa kana sake ɗorawa, kuskuren kowane awo zai hau kan na baya. Kowane ɗaki kuma ka auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sau biyu, a gicciye. Ɗakin da ya yi mita 4 da 3.6, in kusurwoyinsa daidai suke, giccin zai ba ka 5.38 ta kowane ɓangare. In ka samu 5.31 da 5.45, ɗakin a karkace yake, kuma ranar da za a shimfiɗa tayil ko a kawo kabad kowa zai gani. A kwamfuta da waɗannan awo na gicci za ka tayar da ɗakin, kusurwa uku-uku, ba da zaton komai a miƙe yake ba.

Kaurin bango ana samunsa a bakin ƙofa da taga. Na bulo mai inci 9 yakan ba ka milimita 225 da ƙarin filasta gefe biyu. Na ƙasa kuwa ka auna shi a gindi, a tsakiya, da kusa da rufi, domin maginan da suna farawa da kauri ne su riƙa ragewa yayin da suke hawa. Ka saki igiya mai nauyi daga sama ka ga ko bangon ya jingina, ka rubuta santimita nawa, kuma ta wane gefe. Kowane bango ka ɗauke shi hoto, ka ba ɗakuna lamba da alli a jikin ƙofa don lambar ta fito a hoton.

Wayoyin iPhone na jerin Pro, daga 12 Pro zuwa sama, suna da LiDAR, na'urar da ke auna nisa da haske. Da manhaja irin Polycam ko Scaniverse za ka zagaya ɗaki ta tara maka ɗigogi miliyoyi masu siffar ɗakin. Tana kai kamar mita 5, kuma in ka yi doguwar tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki kuskurenta na taruwa, saboda haka ka ɗauki kowane sashe daban ka gwada da tef. Inda take da rana shi ne abin da tef ba ya iyawa: ɗaurin guga, zanko, bangon da ya yi ciki, adon yaɓe. Wanda ba shi da irin wannan waya zai iya ɗaukar hotuna da yawa, kowane hoto ya maimaita kamar kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi, ya ba manhajar Meshroom ta haɗa su. Bangon ƙasa na fitowa da kyau ta wannan hanya saboda kaushinsa; farin fenti da gilashi da sabon kwano ne ke rikita ta, haka ma hazon hunturu in ya yi kauri. Ka yi alama biyu a bango ka auna tsakaninsu, da su za ka daidaita girman. Manhajar CloudCompare kyauta ce, da ita ake share datti daga ɗigogin a fitar da su a fayil mai tsarin E57. Archicad na karɓarsa kai tsaye, Revit kuma sai an bi ta manhajar ReCap ta Autodesk. Babban gini kamar masallaci ko makaranta ya cancanci a ɗauko safiyo mai na'urar sikana ta ƙafa uku.

Leƙa abin da filasta ta rufe

Da izinin mai gida, ka fasa filasta faɗin tafin hannu a kowane irin bango ka ga abin da ke ciki. Ka sa a haƙa rami a gefen harsashi, wuri biyu ko uku, har a kai gindinsa, ka auna zurfi da faɗi, ka duba ko kankare ne, ko dutse, ko ƙasa tsura. Ka hau silin da tocila ka soka katako da azara da sukundireba, don gara kan cinye ciki ta bar fata. Tsaga kuma ka yi mata alama a ƙarshenta da kwanan wata, ka dawo bayan makonni ka ga ko ta yi gaba. Farin gishirin da ke tasowa a gindin bango alamar danshi ce daga ƙasa, fenti ba ya maganinsa.

Da yake siminti na kusa da mu, ga masana'antarsa nan a Kalambaina, hannu ya saba yaɓa shi a kan komai. A kan bangon ƙasa yakan tsare danshi a ciki, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana filastar ta ɓallo gaba ɗaya. Ka ƙwanƙwasa, in ka ji ƙarar rami ka rubuta. Tsofaffin silin da rufi na asbesto kuma ka yi masu alama ta musamman: ƙurarsu na jawo cutar huhu da daji. Ba a yanka su, ba a farfasa su. A jiƙa, a cire lafiyayyu, ma'aikata da abin rufe hanci na ƙwarai.

Tayar da ginin a kwamfuta

Kafin ka zana bango ko ɗaya, ka saita zangunan lokaci. A Revit, ƙarƙashin Manage akwai Phases, kuma yakan zo da guda biyu, Existing na ginin da ke tsaye da New Construction na sabon aiki. Kowane abu da ka zana yana ɗaukar zangon shafin zanen da kake ciki, shafukan kuma sukan zo a kan sabon aiki. Don haka ka mayar da shafinka Existing tukuna, in ba haka ba duk tsohon gidan zai shiga a matsayin sabo, lissafin bulo ya lalace. A Archicad allon Renovation ne ke wannan aiki, da matsayi uku: mai tsayawa, mai rushewa, sabo.

Sai lebur. Layin allin nan naka shi ne madogara. Kada ka buɗe sabon mataki don kowane ɗakin da daɓensa ya bambanta. Ka yi na ƙasa, na linta, na rufi, sauran ka ɗaga ko ka sauke daɓen da santimitocin da ka auna. Ka sa wurin ginin a kan Sakkwato, ka kuma nuna wa manhajar arewa ta gaskiya daga zanen safiyo ko hoton tauraron ɗan'adam, domin kamfas na waya na ruɗewa kusa da rodi da kwano. In kana da tarin ɗigogi, ka shigo da shi, ka zaunar da shi a kan lebur, ka kulle shi kada ya motsa.

Ka ƙirƙiri nau'in bango na kanka da suna bayyananne, kamar “Tsoho, bulo 9, filasta biyu” ko “Tsoho, ƙasa, yaɓen siminti”, kowanne da kaurin da ka auna. Kada ka ari bangon da ya zo da manhajar, na wata ƙasa ne da wasu kayan. Daga fitowar 2022 Revit na iya bango mai kauri a gindi da siranta a sama, Archicad ma na yi. Game da karkata, ƙa'idar da nake bi ita ce: abin da bai kai santimita 2 a ɗaki ba na miƙe shi, abin da ya wuce na zana shi yadda yake, kuma ina rubuta wannan ƙa'ida a jikin zane don wanda zai karɓa ya sani. Manhajar za ta yi ta gargaɗin cewa bango ya ɗan kauce. Ka bar shi, haka yake a ƙasa. Ɗaurin guga da ado, in ba za a taɓa su ba, siffa mai sauƙi ta isa, ka ajiye ɗigoginsu da hotunansu a gefe.

Matakin da ya fi kowanne amfani a wurina shi ne ƙara wa kowane bango da rufi da harsashi gurabe uku na bayani. Na farko “Tabbas”, da amsa uku: an buɗe an gani, an auna daga waje, zato ne. Na biyu “Lafiya”: lafiya lau, yana son gyara, haɗari. Na uku lambar hoto. Sannan ka sa matatar launi ta rina samfurin bisa “Tabbas”, kore, ruwan goro, ja. Ka buga wannan shafi ka kai wa mai gida. Ka ce, “Alhaji, duk inda kake ganin ja, ban buɗe na gani ba. Ko dai a ba ni dama in buɗe yanzu, ko a ware kuɗi a gefe saboda shi.” Rigimar da ke tashi tsakiyar aiki, ta me ya sa kuɗi suka ƙaru, yawancinta a wannan zama ake kashe ta.

Rushewa da sabon aiki

Abin da za a rushe ba a goge shi. A Revit ana buga masa gudumar Demolish ne daga shafin sabon aiki, sai ya ci gaba da fitowa a zanen yadda gidan yake, ya fito da tsinken layi a zanen rushewa, ya ɓace a zanen ƙarshe. In rabin bango ne zai tafi, ka raba shi biyu tukuna. In ka rushe taga, manhajar na cike gurbin da kanta da irin bangon da ke wurin. Ka duba, don ba da ƙasa za a toshe tagar bangon ƙasa ba kullum. Ɗakuna kuma kowane zango da nasa, sai ka sake sanya sunayensu a sabon zango. A ƙarshe kowane bene ya samu shafi uku: yadda yake, abin da za a rushe, yadda zai koma. Toka ga tsoho, rawaya ga mai rushewa, ja ga sabo, launuka ne da birkila ke ganewa cikin minti ɗaya.

Yawancin gidaje ana gyara ne da mutane a ciki. Ka ƙara zanguna bisa haka: shaguna tukuna, sai sashen baya bayan iyali sun koma gaba, sai tsakar gida. A kowane zango ka duba akwai banɗaki da madafa da hanyar fita da ba ta bi ta cikin leburori ba. In kuwa shawara biyu ake aunawa, matakala ta ciki ko ta waje, wannan aikin Design Options ne, sashen Revit na gwada zaɓuɓɓuka, kada ka haɗa shi da zango.

Maganar bene tana son natsuwa. Kankare mita ɗaya ta kowane gefe na da nauyin kilo 2,400. Dekin mai kaurin santimita 15 kilo 360 ke nan a kowace murabba'in mita, wato ɗakin nan na mita 4 da 3.6 zai ɗauki fiye da tan 5 kafin a ɗora bulo ko mutum ɗaya. Tankin ruwa na lita 1,000 tan guda ne a wuri ɗaya. Manhajar za ta yarda ka ɗora dekin a kan bangon ƙasa ko bulo mai inci 6 ba tare da ta ce uffan ba. Injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, shi ne zai yanke wannan hukunci, bayan ya ga ramukan harsashi da idonsa, ya gwada tsohon kankaren. Sau da yawa mafita ita ce sababbin filoli masu nasu harsashi, su ɗauki benen, tsohon bango ya ɗauki kansa kawai. Ka tura masa samfurin, ya dawo da nasa, ka haɗa su ka yanka ta wurare da yawa ka ga ko fila ta faɗa bakin ƙofa, ko bututun banɗaki ya ratsa linta. Manhajar Navisworks na binciko irin wannan karo a babban aiki. A gida ɗaya ido da zanen yanka sun isa.

Tunda ka saita arewa, ka kunna hanyar rana. Sakkwato na kan digiri 13 arewa, don haka daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana na bi ta arewa da kai, bangon arewa ma yana shan ta. Bangon yamma shi ne mai gasa ɗaki da la'asar. Kafin ka buɗe masa babbar taga ka gwada baranda ko rumfa ka ga inuwar. Hadari kuma daga gabas yake taso mana, can ne bango da taga ke shan duka. Alƙibla na wajen digiri 71 daga arewa zuwa gabas. Ka ja layinta a zanen ƙasa, don wurin sallah da kuma zaman masai, kada sai an gama tayil a ce a juya.

Ina da roƙo ɗaya a nan. In zauren ɗaurin guga ne za a rushe, ka gwada nuna wa magada zaɓin da zai bar shi, ko da shago ɗaya zai ragu. Ɗaki ne mai sanyi, kuma masu iya ɗaura azara haka suna ƙarewa. In sun dage, ka ɗauke shi da kyau kafin guduma ta hau, ka nemi izininsu ka kai kwafi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Ginin da gwamnati ta ayyana a matsayin kayan tarihi kuwa ba a taɓa shi sai da sanin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa.

Lissafin kaya

Jadawali ma yana da zango, ka saita shi kamar shafi: ɗaya na abin da za a rushe, ɗaya na sabo kaɗai. Manhajar na cire ƙofa da taga da kanta. Bango mai tsawon mita 12 da tsayin 3, da ƙofa ɗaya ta 0.9 da 2.1 da taga biyu na 1.2 da 1.2, zai ba ka murabba'in mita 31.2. Bulo 10 ke shiga kowace murabba'in mita, wato 312, ka ƙara kashi 5 cikin 100 na fashewa, ka sayi 330. Ka gwada bango ɗaya da hannu kamar haka kafin ka yarda da jadawalin duka. Akwai kuma abin da ba ya cikin samfuri sai ka rubuta: kwashe ɓaraguzai, tokare rufi, gyaran filasta inda tsoho ya haɗu da sabo, maganin gara. In lungu ne da tifa ba ta shiga, kuɗin baro da amalanke ma lissafi ne. Mai lissafin kaya ya sa farashi, ya kuma sa kwanan wata, don farashin siminti da rodi ba ya zama.

Izini da filin aiki

Gyaran da ya taɓa ƙashin gini, ko ya ƙara bene, ko ya mayar da ɗaki shago, yana bukatar amincewar hukumar tsara birane ta jihar Sakkwato, da hatimin masu rajista, ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini, ga mai zane, COREN ga injiniya. Shafuka ukun nan su ne gindin abin da za ka miƙa, tare da zanen fili mai nuna tazara daga titi.

A fili, ka buga zane a takardar A3, ka sa a leda. Yawancin birkiloli da kafintoci da ƙafa da inci suke aiki, don haka ka sa awo ya fito da mita da kuma ƙafa. Ka nuna masu samfurin a waya su juya shi da hannunsu. Gani ya kori ji. Ka yi wa bangon da za a rushe alama da fenti da kanka, kana tsaye da shugaban magina. Ka ce masa, “Malam, duk abin da kunka tarar wanda ba ya cikin takarda, a dakata a kira ni.” Za su tarar: linta marar rodi, tsohon bututu, ƙofar da aka toshe. Ranar da aka gani ka auna, ka gyara samfurin, ka mayar da ja kore a shafin “Tabbas”, ka sake buga shafin da sabuwar lamba, ka karɓe tsohon daga hannunsu.

Kafin a yi filasta ka ɗauki hoton kowane bango da wayoyi da bututun da aka binne, da tef a miƙe a cikin hoton, ka shigar da hanyarsu a samfuri. Haka sokawe da tankin ƙasa kafin a rufe. Bayan an gama, ka fitar da kwafi a tsarin IFC, wanda manhajoji daban-daban ke buɗewa har da na kallo kyauta irin BIMvision, ka haɗa da zanen PDF da hotuna. Ka rubuta kwanan wata da fitowar manhajar a sunan fayil, ka ba mai gida kwafi a filash da bugaggen zane ya ajiye tare da takardun fili, naka kuma ka adana shi wuri biyu.